Ruwan sha, gubar ƙarfe da tsoron sankara: abin da bincike ya nuna a Yamai da Tawa

Duk shekara idan damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba, kogin Isa yakan koma ja jawur a Yamai, a wasu unguwanni ruwan famfo ma ya zo da ɗan gurɓi. A lokacin ne saƙonnin murya suke yawaita a WhatsApp. Wannan ya ce ruwan ne ke kawo sankara, wancan ya ce guba ce daga wuraren haƙar zinariya, wata ta ce a tafasa kawai, shi ke nan. Tun bayan da rabon ruwan birane ya koma hannun kamfanin ƙasa NDE a farkon 2024, ga kuma ambaliyar daminar 2024 da ta ci rayukan fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, tambayoyin sai suka ƙaru. Kowace magana a cikin ukun tana da ɗan abin kamawa, amma an cakuɗa abubuwan da masu bincike suke ware wa kowane hanyarsa, shi ya sa mutane suke jin tsoron abin da ke nesa, suna shan wanda ke kusa.

## Gurɓata iri biyu ce, maganinsu ba ɗaya ba

Masu gwajin ruwa suna raba abin da ke cikinsa gida biyu. Na farko ƙwayoyin cuta ne masu rai, kusan dukansu daga kashin mutum ko na dabba: su ke kawo zawo, kwalara, taifot da wani nau'in shawara. Ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. Ana neman wata ƙwaya mai suna E. coli da ke zaune a hanji, idan an same ta an san kashi ya shiga ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko guda a cikin mililita 100.

Na biyu sinadarai ne marasa rai, wasu daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, wasu daga aikin hannun mutum. Hukumar ta sa wa kowane iyaka a lita ɗaya: fuloraid miligiram 1.5, nitrat miligiram 50, dalma da arsenik kuwa mikrogiram 10 kacal, wato kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram. Yawancinsu ba su da launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma illarsu ba ta nunawa sai an daɗe ana sha.

Tafasawa da ruwan jabel suna kashe na farko. Na biyu ko gezau: idan aka tafasa ruwa mai nitrat ko fuloraid, tururi ya tafi, sinadarin ya zauna, har ma ya ɗan ƙara ƙarfi. Alif ko garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma ba su isa su mai da ruwa abin sha su kaɗai ba.

## Yamai: matsalar tana farawa bayan matata

Yawancin ruwan famfon Yamai daga kogi ake ɗebo shi, a tace a Gudel da Yantala. Kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar damina tana zuwa ne daga ƙoramun Sirba, Dargol da Goruwal masu gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso, ɗauke da jar laka. Ta biyu, wadda ta taso daga Gini, sai wajen Disamba da Janairu take isowa, ruwanta ya fi garau. Jan da ake gani a damina laka ce, ba ita ce guba ba. Illarta ita ce tana wahalar da tacewa, kuma ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikinta yadda sinadarin kulorin ba ya kai musu sosai.

A matata ana kwantar da lakar, a bi da ruwan ta yashi, a sa kulorin daidai yadda ɗan kaɗan zai rage a cikinsa har ya iso gida. Abin da ke biyo baya shi ne inda ake samun tangarɗa. Idan ruwa ya ɗauke a unguwa, ƙarfin da ke cikin bututu ya faɗi, to duk inda bututun ya tsage yana iya zuƙo ruwan kwata da ke kwance a kansa. Unguwannin bakin gari da bututu bai kai ba sun dogara ga 'yan ga-ruwa, masu turo kura da jarkoki na lita 20 ko 25. Jarkar da ta wuni a rana ana cika ta ana juyewa, ba kasafai ake wanke cikinta ba. A gida kuma ga randa a buɗe, ga moɗa ɗaya ta kowa da kowa: yaro ya sha, ya ajiye ta a ƙasa kusa da inda kaji suke kiwo, ƙanwarsa ta ɗauka ta sake tsoma ta. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya sha nuna cewa ruwan da ya fito da kyau daga famfo yakan lalace ne a wannan ɗan tsakanin.

Sai maganar ƙazantar gari. Yamai ba ta da babbar hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ruwan bayan gida na dukan birni zuwa wurin tacewa. Kusan kowa masai yake haƙawa. Ƙoramar Gunti Yena, wadda ta ratsa tsakiyar gari, tana kwasar ruwan wanke-wanke da shara ta kai kogi, kuma a gefenta ne masu lambu suke ban ruwan salat da kabeji da ake ci ɗanye. Majemar Gamkalle da masu rini su ma a bakin kogin suke aiki.

Rijiyoyin cikin gida sun fi kowa shan wannan. Wani bincike da aka buga a 2002 kan ruwan ƙarƙashin Yamai ya sami nitrat mai yawa da alamar kashi a rijiyoyi marasa zurfi, kuma masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni da abokan aikinsu sun sake samun irin haka daga baya. Akwai wani abin da ya ƙara dagula lissafi: a kudu maso yammacin Nijar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hawa sama tun shekarun 1950, duk da farin da aka sha, domin sare dazuzzuka ya sa ruwan sama yana gangarawa tafkuna ya nutse. Idan ruwan ƙasa ya hau, tazarar da ke tsakaninsa da gindin masai ta ragu. Shawarar da ma'aikatan tsabta suke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da filin gida ɗaya a birni ba ya iya bayarwa, balle idan masan maƙwabci yana bayan katanga. Nitrat ya fi yi wa jarirai 'yan watanni illa, musamman waɗanda ake dama wa madarar gwangwani da ruwan rijiya, domin yana hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata.

A Satumban 2020 kogin ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya shiga Lamorde, Kirkisoy da Saga. Duk rijiyar da ambaliya ta rufe tare da masai, ba ta shayuwa sai an yashe ta an sa mata magani. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar, jihar Tawa na cikin waɗanda abin ya shafa.

## Tawa da darasin Tibiri

A Tawa lamarin a juye yake: ruwa ne ke da nisa. A Azawak ana haƙa foraj na ɗaruruwan mitoci kafin a kai gare shi. Ruwa mai irin wannan zurfi galibi ba ya ɗauke da ƙwayoyin cuta, amma ya daɗe yana kwance a cikin dutse, duk abin da dutsen ke da shi ya narke a ciki. Wani wurin gishiri ne, wani wurin baƙin ƙarfe mai sa ruwa ja yana ɓata wanki. Wannan ya fi ɓata ɗanɗano bisa ga cutarwa. Wanda ake tsoro shi ne wanda baki ba ya ji.

Abin da ya faru a Tibiri, cikin jihar Maraɗi, shi ne misalin da duk mai aikin ruwa a Nijar ya sani. A 1985 aka buɗe wa garin foraj mai zurfi. Ruwa garau, ba wari. Yaran da suka tashi da shi sai haƙoransu suka yi ja, ɗaruruwa daga cikinsu ƙafafu suka lanƙwashe. Sai wajen shekara ta 2000 aka tabbatar fuloraid ne, ya ninka iyakar da aka sa sau uku zuwa huɗu. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, da yawa yana shiga ƙashin da ke girma, kuma abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa da canjin ruwa. Gwajin da zai gano shi tun ranar farko ba shi da tsada idan aka gwada da kuɗin haƙa foraj ɗin kansa.

A kudancin jihar, a fadamun Magiya, Galmi da Ƙonni inda ake noman albasa, damuwar ita ce takin zamani da maganin ƙwari da ke iya bin ruwan ban ruwa su sauka a gajerun rijiyoyin lambu, waɗanda masu aiki suke sha daga gare su da rana. Tafkuna irin na Tabalak kuma mutane da dabbobi ne suke tarayya a kansu.

## Ƙarfen famfo da na tukunya

Wani lokaci ruwan da ke ƙasa lafiya lau yake, kayan da aka jawo shi da su ne suke ɓata shi. A 2021 masu bincike na wata jami'ar Amurka suka buga sakamakon gwajin wuraren ɗiban ruwa 261 a karkarar Gana, Mali da Nijar. A kashi 9 cikin 100 na samfurin, dalma ta wuce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma alamu sun nuna daga sassan famfon take fitowa, musamman na tagulla. Masu ƙera bakin famfo da mahaɗin bututu suna ƙara wa tagulla 'yar dalma domin ta yi sauƙin yanka da gyarawa a inji. Idan ruwa mai ɗan tsami ya kwana a ciki, sai ya narkar da ita.

Ruwa mai tsami yana cin bututun ƙarfen da aka shafe da zinki, ya bar tsatsa. Sandar famfon tuƙa-tuƙa kuma tana sama tana ƙasa dubban sau a rana. Masana ƙarfe sun nuna cewa irin wannan maimaicin yana buɗe ƙananan tsagogi, kamar yadda waya take karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Tsatsa ta shiga tsagar, ta gaggauta karyewar. Famfon da ya mutu yana mayar da ƙauye guda ga tafki, wato ga gurɓata ta farko.

A kasuwar Katako maƙera suna narkar da tarkacen alminiyam su zuba a ƙirar yashi, tukunya ta fito. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 kan tukwanen da aka yi ta wannan hanya ya nuna wasu suna sakin dalma idan aka dafa abu mai tsami. Tushen abin shi ne irin tarkacen da aka narka, kamar sassan injin mota da kayan lantarki. Masu wannan sana'a suna ciyar da iyalai, tukwanensu kuma su talaka yake iya saya, don haka gyaran yana wajen zaɓen tarkace da gwajin kaya, ba wajen rufe maƙera ba. Ga yaro dai babu adadin dalma da masana suka yarda ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da kaifin fahimta.

## Zinariya da yuraniyom

A wuraren haƙar zinariya na gargajiya irin su Komabangu a jihar Tilaberi ana amfani da zaiba da sinadarin sayanaid wajen fitar da ita. Zaiba idan ta shiga ruwa tana taruwa a jikin kifi, abin da ya faru a Minamata ta Japan a shekarun 1950, wanda da sunan garin aka kira yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba. A Zamfara, a 2010, dalma ta kashe yara fiye da 400, sai dai mafi yawan gubar ta ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ta bi, ba ta rijiya kaɗai ba.

A Arlit, garin haƙar yuraniyom, an daɗe ana sa-in-sa kan lafiyar ruwan sha. Rahoton ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa na 2010 ya ce huɗu cikin samfurin ruwa biyar da suka gwada sun wuce iyakar yuraniyom. Kamfanin Areva na Faransa, mai haƙar yuraniyom a can a lokacin, ya musanta, ya ce nasa awon yana cikin ƙa'ida. Samfuri biyar ba su isa a yanke hukunci kan gari guda ba, awon kamfani kuma awon mai ruwa da tsaki ne. Abin da zai raba gardamar shi ne awo mai zaman kansa, a kai a kai, da ake bayyana wa jama'a.

## Sankara: daga ruwa ko daga gado?

Akwai hanyoyi biyu da aka tabbatar ruwa yana kai wa ga sankara. Ɗaya arsenik ne, mai haddasa sankarar fata, mafitsara da huhu bayan shekaru ana sha. An same shi a foraj na yankin Yatenga a Burkina Faso, a cikin irin duwatsun zinariyar da suka miƙo har yankin Liptako a yammacin Nijar. Ta biyu tsargiya ce, wato fitsarin jini, wadda ake ɗauka ta fata lokacin wanka ko aikin shinkafa a ruwa mai dodon koɗi. Idan ta daɗe ba magani tana iya zama sankarar mafitsara. Maganinta ƙwaya ce mai araha da ake rabawa a makarantu.

Amma nau'o'in da suka fi yawa a Nijar wasu hanyoyin suke bi. Sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV take, wadda ake ɗauka ta hanyar jima'i. Ta hanta tana da alaƙa da shawara nau'in B da gubar fumfunar gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba. Sankarar mama kuwa, wadda ta fi kama mata, ba a tabbatar da cewa ruwan famfo ne ke kawo ta ba.

Gado yana da nasa kaso, wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukan sankara. Ba cutar ake gada ba, lahani ne a cikin wata ƙwayar gado wadda aikinta gyara ɓarnar da ke faruwa a ƙwayoyin jiki. Waɗanda aka fi sani su ne BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995. Macen da ke ɗauke da irin wannan lahani tana da haɗarin da ya kai rabi ko fiye na kamuwa da sankarar mama a tsawon rayuwarta, ga ƙarin haɗarin ta ƙwan mace. Kowane ɗa ko 'ya yana iya gadonsa ko ya tsira, rabi da rabi, kuma ta wajen uba ma ana gado. Tarihin gwaggo yana da nauyi daidai da na inna. Maza masu ɗauke da shi suna da ƙarin haɗarin sankarar mafitsara ta maza, wato furostat. Auren zumunci ba shi ke haifar da shi ba. Inda auren dangi yake da tasiri sosai shi ne cututtukan da sai an gada daga uwa da uba duka, irin amosanin jini.

A 2018 wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade ke cikin jagororinsa ya duba mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan, ya sami lahani na gado a kusan kashi 15 cikin 100, fiye da yadda aka saba gani a Turai.

## Gwajin gado: masu so da masu jan kunne

Gwajin gado daban yake da binciken gano cuta da wuri. Duba mama da hannu ko na'ura, da duba bakin mahaifa, suna neman cutar da ta fara. Gwajin gado, wanda ake yi da jini ko yawu sau ɗaya, yana faɗin haɗari ne ga mutumin da yake lafiya lau.

Masu goyon bayansa suna cewa gwajin mace ɗaya yana iya tsirar da 'yan'uwanta da 'ya'yanta, domin za su fara bincike tun suna 'yan shekara 25 zuwa 30. Masu jan kunne suna da hujjoji masu nauyi. Gwajin yana da tsada, kuma sanin haɗari ba shi da amfani idan babu hanyar bibiya duk shekara. Yawancin bayanan da ake kwatanta sakamako da su daga Turawa aka tattara, don haka 'yan Afirka sun fi samun amsar da ba ta ce i ko a'a ba. Ga kuma abin da zai biyo baya a gida: idan labari ya fita cewa zuri'ar wane tana da wannan, 'yan matan gidan ne za su ɗauki nauyin wajen neman aure.

Idan aka duba halin da ake ciki, inda sai a 2021 aka fara gashin sankara da na'ura a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, kuma mata da yawa suna zuwa bayan ciwon ya yi nisa, kuɗin gwamnati ya fi amfani wajen gano cuta da wuri. Amma tambayar tarihin dangi kyauta ce. Alamomin da likita ke nema su ne mata biyu ko fiye a ɓangare ɗaya na dangi da sankarar mama ko ta ƙwan mace, kamuwa kafin shekara 50, kamuwa a mama biyu, ko namiji da sankarar mama.

## Abin da ya rage ga gida, da wanda ya fi ƙarfin gida

Gida yana iya rufe randa, ya sa mata moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, ya wanke jarka da jabel, ya sa ƙwayar kulorin ta Aquatabs a ruwan da ake shakka ya jira minti 30. Da safe a bar famfo ya ɗan zuba kafin a tari na sha, na farkon a yi wanki da shi. Kada a bar miyar yakuwa ko kunun tsamiya su kwana a tukunyar zubi. Ruwan leda kuwa kyansa ya dogara ga inda aka ɗebo da hannun da ya ɗura shi. Sanyinsa ba shaida ba ne.

Fuloraid, arsenik da nitrat sun fi ƙarfin uwar gida. Sai ɗakin gwaji irin LANSPEX, ɗakin gwajin lafiya na ƙasa, ko na ma'aikatar ruwa, kuma mafita takan zama canza rijiya ko gauraya ruwan da wani. Nauyin yana kan wanda ya haƙa: gwamnati, ƙungiyar agaji, mai neman lada da ya yi wa unguwa foraj, ko mai sayar da ruwa. Kwamitin ruwa na ƙauye ko na unguwa yana da haƙƙin ya nemi takardar gwaji kafin a buɗe sabon foraj, ya duba cewa an auna sinadarai ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba, ya kuma nemi a maimaita bayan kowace ambaliya ko canjin kayan famfo.